Wa ya kai hedimastanmu ƙasar ƙanƙara?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ɗan sammin fili a jaridar nan tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya tsaya min a wuya tun watan jiya. Na san ba maganar siyasa bace ba kuma ta tsadar shinkafa ba, wani ma zai karanta yace wannan dai ƙoshi ne ke damunsa, toh amma ni zane ne sana'ata, da burushi da fenti nake ciyar da iyali, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Batun hukuncin zana abu mai rai na bar wa malamai, fagensu ne, ni a kan yadda ake aikin kawai zan yi magana tunda dai ana yinsa kuma mutane na zuba kuɗinsu a ciki.

Abin da ya faru shine, mu tsofaffin ɗaliban wata firamare a ƙauyenmu muka shirya walimar karrama tsohon hedimastanmu, dattijo ne da ya kwashe shekara talatin da biyar yana koyarwa, mu ɗin nan ma a gindin wata ɗorawa ya koyar damu saboda iska ta yaye rufin aji biyu kuma ba'a gyara ba har muka gama. Akai karo-karo a guruf ɗinmu na WhatsApp, aka ce ayi masa zane babba a sa a firam. Ni na zame nace kar a bani aikin, gudun kar gobe ace na ci kuɗin ƙungiya, sai aka tura wa wani yaro a birni hoton malam ta waya. Ranar taro aka yaye ƙyalle. Wallahi fuskar kam ba laifi, yaron yana da hannu, malam ne sak har da ɗan tabon nan na gefen ido da furfurar gemu. Amma bayansa fa? Wasu dogayen duwatsu ne da dusar ƙanƙara fara sol a kansu, ga ruwa yana kwararowa daga sama, ga tafki da fararen agwagi masu dogon wuya, ga itatuwa masu tsini irin na jikin kalanda, rana tana faɗuwa ta hagu jawur alhali hasken fuskar malam ta dama yake zuwa, sannan bakin tafkin ya ratsa daidai maƙogwaronsa kamar an ɗora masa wuƙa. Malam ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, can sai yace "Masha Allah, wannan ni ne, amma nan ina ne?" Aka kwashe da dariya akai ta tafi, ni kuwa kunya ta lulluɓe ni kamar ni na zana.

Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da ya tarar anayi kenan. Mun gaji abin ne daga situdiyon ɗaukar hoto na da, inda ake rataya labule mai zanen jirgin sama ko bene ko lambun furanni, ranar sallah ka tsaya a gaba da sabon takalmi a ɗauke ka. Wancan kam kowa ya san wasa ne, buri ne mutum yake ɗan lasa na minti biyu ya biya ya tafi. Yanzu kuma waya ta zo, cikin ƙiftawa da bismilla zata yanko ka ta manna a gaban dogayen benayen Dubai. Toh Malam Edita idan mai zane zai zauna sati biyu ko uku yana shaƙar warin fenti, ya ƙare da abin da waya zata yi kyauta, meye amfaninsa? Zanen da za'a rataya a zaure jikoki su tashi su gani, wurin da aka tsayar da mutum a ciki rabin labarinsa ne. Ai ko a hira aka ce wane, tambayar da ke biyo baya itace ɗan ina ne.

Su Turawan da muke arar ƙanƙararsu ba haka manyansu suka yi ba. Akwai wani zane a gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan, wani ɗan Ingila mai suna Thomas Gainsborough yayi shi wajen 1750 yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai, na wani mai gonaki Robert Andrews ne da amaryarsa Frances. Duk mai data a waya ya nema ya gani, ba zai yi asara ba. Abin da zai fara baka mamaki shine ango da amarya basa tsakiya, ya tura su can gefen hagu a gindin wata ƙatuwar bishiya, mijin a tsaye da bindigar farauta a hammata karensa na gefe, matar a zaune kan benci cikin shuɗiyar riga mai faɗi, sauran allon duka ya bar wa gona. Ga dammunan hatsi da aka girbe, ga layukan shuka a miƙe sambal waɗanda ake cewa alama ce ta injin shuka na zamanin akai aiki dashi, ga tumaki can nesa, ga hasumiyar coci ta leƙo ta tsakanin itatuwa, ga gajimare ya haɗo a sama. Kuma gonar ta gaske ce, tasu ce, kusa da garin Sudbury a yankin Suffolk, garin da aka haifi shi mai zanen. Har akwai wani ɗan wuri a cinyar matar da bai ƙarasa ba, yana nan fayau har yau, wasu suce tsuntsun da mijin ya harbo yaso sakawa wasu suce jariri aka bar wa wurin. Ni dai idan na kalli zanen nan taƙama nake gani tsagwaronta, mutumin cewa yake ku kalli abin da na mallaka, fuskokinsu ma ba fara'a. Amma da gonarsa yake taƙamar. Shekara sama da 270 kenan kuma duk wanda ya kalla ya san manomi ne mai hali, ya san lokacin girbi ne, ba sai an rubuta masa a ƙasa ba.

Ita ma Mona Lisa da kowa ya sani, wadda Leonardo da Vinci ya fara wajen 1503, take rataye a gidan tarihi na Louvre a Paris, jama'a murmushin suke zuwa kallo, ni kuwa bayanta ne ke ɗaukar min hankali. Ƙaramin allon katako ne, tsawo santimita 77 faɗi 53. Wurin da ke bayanta ƙirƙirarsa yayi, toh na san wani zai ce ai kaga shima ba garinsu ya zana ba, me yasa kake tsangwamar yaron birni. Bambancin shine shi ya ɗaure wurin da matar tamau. Ƙasar da ke kusa da kafaɗunta ja-ja ce ruwan ƙasa, irin ɗumin launin hannuwanta, ga wata hanya mai lanƙwasa ta gefe ɗaya ga gada ta ɗaya gefen, lanƙwasar hanyar tana tafiya da lanƙwasar mayafi da gashi, sannan kana ƙara yin sama launin yana sanyi yana komawa shuɗi-shuɗi har duwatsun can ƙarshe su narke a daidai saitin idonta, sai idonka ya dawo kan fuskar ko ka so ko baka so ba. Ita da wurin iska ɗaya suke shaƙa. Malam ɗinmu kuwa kamar an yanko shi da almakashi an liƙa da ƙaro.

Wannan dabarar ta abu mai nisa ya dusashe, mu ai ba sai an koya mana a aji ba, Allah ya bamu hunturu yana koya mana kyauta duk shekara. Ka hau Dala a watan Janairu ka kalli birnin Kano, gidajen ƙasan dutsen zaka ga har ƙofa da taga, na gaba sun zama ruwan toka, na can gaba kuwa sun haɗe da sama baka san inda gari ya ƙare ba. Ko ka hango dutsen Kufena daga nesa a nan Zariya, ranar hazo fari-fari zaka ganshi kamar hayaƙi, amma bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta sai ya fito shuɗi-shuɗi tas kamar an wanke shi. Dutse ɗaya, kala biyu. Amma yaranmu idan zasu zana dutsen da ke nisan tafiyar awa guda sai su zuba masa baƙi da kore mai ƙarfi daidai da na hular mutumin da ke gaba, shikenan dutse ya taso ya hau kafaɗar bawan Allah.

Kar ace ina wanke kaina, nima na sha tawa kunyar kuma tafi ta yaron nan zafi. Farkon fara aikina wani Alhaji babban manomi yace in zana shi a gonarsa. Na je da rani na ɗauko hotuna, akwai wani ƙaton gawo a tsakiyar gonar ganye shar, yayi min kyau ƙwarai. Da na dawo shago sai naga ƙasa busasshiya ba zata burge ba, nace bari in mayar da ita damina, na cika gonar da gero kore har ya fidda kai, gawo kuma na barshi yadda na ganshi. Na kai aiki ina ta washe baki. Alhaji ya kalla, bai ko dubi fuskarsa ba, yace "Yaro, gero ya fidda kai gawo kuma da ganye? A gonar wa ka taɓa ganin haka?" Ƴaƴansa suka fashe da dariya. Ashe abin da duk yaron ƙauye ya sani ni ɗan boko na manta, gawo da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani yayi sannan ya tofo, shi yasa ma manoma ke barinsa a tsakiyar gona, baya yiwa shuka inuwa, ganyen da ya zuba taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuka kuwa akasin haka take, da rani take tsirara. Bai tsaya nan ba, ya nuna min wata giginya da na sa can baya wadda ta fito daidai tsakiyar hularsa, yace "wannan kuma a kaina ta tsiro?" Kwana uku nayi ina kankare fenti, cikon kuɗina ma sai da na gyara ya bani. Tun daga ranar ban ƙara zana wuri ba sai na tambayi kaina wane wata ne a cikin zanen nan, kuma ƙarfe nawa ne.

Ƙarfe nawa ɗin nan ba ƙaramin abu bane, don rana ɗaya ce a sama, dole ta zama ɗaya a kan allo. Yawancin hotunan da kwastoma ke turo mana a ɗaki aka ɗauka ko a wajen biki da filashin waya, fuska tayi fayau ba inuwa, sai mai zane ya kwafe ta a haka ya dasa a fili da rana ta la'asar. Idan hasken gona daga yamma yake toh kunci ɗaya ne zai sha haske, inuwar hanci da ta hula da ta bishiya da ta shi mutumin a ƙasa duk gabas zasu nufa. Ni hantsi ko la'asar sakaliya nafi so, rana tsaka tana sa ido ya faɗa rami, mutum ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. Kuma farar babbar riga a waje ba fara bace, wannan na daɗe ina faɗa da yarana a kai. Ka tsayar da mutum cikin farar shadda a kan jar ƙasa ka kanne ido ka duba, ƙasan hannun rigar da cikin ninki ja-ja zaka gani saboda ƙasa ta mayar masa da haskenta, kafaɗa kuma da ke kallon sama ta ɗauko ɗan shuɗi. Haka fatarmu take, goshi da saman kunci suna ɗaukar shuɗin sama, ƙarƙashin haɓa yana ɗaukar ɗumin ƙasa. Waɗannan ƴan launukan da wuri ke shafa wa mutum su ke sa ka yarda a wurin yake tsaye. Amma ina, wasu ma bilicin suke wa kwastoma da fenti, baƙin mutum kyakkyawa a mayar dashi kalar gwanda wai don yaji daɗi ya ƙara kuɗi.

Sai layin nan da sama ke haɗuwa da ƙasa, ko makamancinsa irin bakin tafkin nan da ya yanka wuyan malam. Shi ake fara yanke wa shawara kafin a taɓa fuska. Ka saukar dashi ƙasa wajen gwiwa ko ƙugu, mutum zai tashi ya tokare sama, ya cika ido, irin yadda kake ganin mahayi ranar hawan sallah kai kana ƙasa shi yana kan doki, wannan ya dace da basarake. Ka ɗaga shi sama da kai, sai ƙasa ta rungume mutumin, gona ko gari ya kewaye shi, wannan yafi dacewa da manomi ko makiyayi ko malamin da rayuwarsa duka a wurin ta ƙare. Inda duk zaka sa shi dai banda wuya, kuma in ya zo kusa da fuska a tausasa shi ya dusashe. Sannan a bar wa mutum fili ta inda yake fuskanta, kar a manna hancinsa da firam. Ni kafin in ɓata kanbas, wato ƙyallen da ake zanen a kai, sai nayi ƴan ƙananan zane kamar girman kwalin ashana guda biyar ko shida da fensir, baƙi da fari kawai ba ido ba hanci, in matsar da mutum hagu in matsar dashi dama, in ga inda duhu ya taru da inda haske ya taru, don fuska mai duhu tana son haske a bayanta, farar hula kuma tana son duhun ganye. Wanda bai yi kyau a kwalin ashana ba ko an kai shi girman bango ba zai yi ba.

Ba kuma cewa nake dole sai an kwafi wuri kamar kyamara ba. Zanen Barack Obama da aka buɗe a Washington a watan Fabrairun 2018, wanda Kehinde Wiley yayi, shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ba sama ba ƙasa a ciki, mutum ne zaune a kujerar katako ganye ya cika bayansa har yana neman haɗiye ƙafafunsa. Mutane da yawa sun yi ta tsokana a intanet wai an jefa shugaba a daji, nima gaskiya ganyen ya min yawa. Amma furannin da ke ciki kowanne da dalilinsa, akwai na Kenya ƙasar mahaifinsa, akwai na Hawaii inda aka haife shi, akwai na Chicago inda ya fara siyasa. Ko baka son zanen ba zaka ce furen kalanda aka kwaso ba. Toh agwagin malam na wane gari ne?

Abin da yafi bani haushi, a nan Zariya ne fa a 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce zasu koyi dabarar Bature amma abin zanawa daga gida zasu ɗauko. Yau shekara sittin da wani abu, ga sashen koyar da zane yana nan a Samaru, amma a shagunan bakin titi mun koma ƙanƙara. Kuma ba rashin abin zanawa bane. Wanda ya tashi a Katsina ga hasumiyar Gobarau, marini ga rijiyoyin baba na Ƙofar Mata, masunci ga kogin Matan Fada a Argungu, mutumin Agadas ga dogon masallacin ƙasa, kai ko ba wani sanannen wuri ma, katangar gidanku da zanko, rumbu, dakalin da tsoho yake zama, tsamiyar bakin kasuwa inda yayi shekara arba'in yana awon hatsi.

Roƙona gare ka Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ku ɗan ware rabin shafi ku riƙa buga aikin masu zanen arewa da sunayensu, a yaba inda aka yi daidai a gyara inda aka kauce, yaran nan suna da hannu, ido ne ba'a buɗe musu ba. Masu bada aiki kuma, ƙungiyoyi da ƴan siyasa da masu biki, don Allah ku daina tura hoto ɗaya ta waya kuce gobe kuke so. Ku biya wa mai zane kuɗin mota yaje ya ga mutumin a inda yake rayuwa, ya zauna dashi ko na awa ɗaya ne.

Ni dai satin da ya wuce na hau mota na koma ƙauye da littafin zanena. Ɗorawar tana nan, an sare mata reshe ɗaya ta wajen hanya, amma tsohon ƙarfen wilin motar nan da ake bugawa a matsayin ƙararrawa yana rataye a jikinta har yanzu, wayar da aka ɗaure shi da ita ta nutse cikin ɓawo. Na samu malam nace ina so in sake zana shi, kyauta, ba da kuɗin ƙungiya ba. Yayi shiru, sannan yace yaushe. Nace sai kaka, lokacin da dawar bayan makaranta ta nuna, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Yace toh, amma da sharaɗi biyu, kar in rage masa furfura ko ɗaya, kuma in tabbata ƙarfen nan ya fito.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai zane, daga Zariya.